Sunan da Baba Ya Tsallake

Mun rufe Baba da hantsi ranar Laraba, a maƙabartar ƙauyenmu da ke bayan Gwandu. Allah ne ya ba mu aronsa, shi ne kuma ya karɓi abinsa, mu ma layi muke bi. Na zauna rubuta wannan ne saboda na ga yadda ake yi wa mamaci: kwana arba'in ana yi masa addu'a, bayan shekara biyu sai ka ji ana cewa "wane ma ke nan?" Ba na so a yi wa Baba haka.

A zaman makoki na ga fuskokin da ban taɓa gani ba. Wani dattijo ya zo daga Masama a bayan babur, ya sauka da ƙyar, ya miƙo min hannu biyu.

"Ban taɓa ganin huskatai ba," in ji shi. "Muryatai kaɗai na sani. Shekara nawa tana shigowa ɗakina ta cikin waya, awa ɗan'uwa."

Mata sun zo daga rugagen da ke kewaye da mu, wasu daga can wajen Ceberu, suka cika tsakar gida har Inna ta rasa inda za ta miƙe ƙafa. Malamar Zuru, wata Kirista da ta daɗe tana koyarwa a firamaren garinmu, ta yafa mayafi ta shiga cikinsu. Ita ce ta fi kowa kuka, har sai da Inna, mai mutuwar miji, ta koma tana ba ta haƙuri.

Shi kuwa taubashin Baba, wanda duk gari ke kira Wakili, ƙin zama ya yi a kan tabarma. Ya tsaya a bakin zaure ya dogara sanda, yana kallon inda Baba yake shimfiɗa buzunsa.

"Ya tsere min," ya ce. "Dut abin da munka yi tun muna yara, sai shi rigaye ni. Hal mutuwa."

Mutane suka yi ɗan murmushi don sun san wasan da ke tsakaninsu. Ni ban yi ba, don na ga bai ɗauke ido daga wurin buzun ba.

Baba manomi ne, albasa da rani, gero da damina, ba shi da sarauta ba shi da kujera. Karatun boko a ajin yaƙi da jahilci ya tsince shi yana da 'ya'ya huɗu, kuma har ya bar duniya da yatsa yake bin layi. Ba mutum ne mai taushi ba, kada addu'a ta sa in yi masa ƙarya. In ya kafe a kan magana, gara ka je ka ture kuka. Bai iya rarrashi ba, bai iya yabo ba. In ka yi aiki mai kyau a gona, iyakar abin da za ka samu shi ne "to, ba laihi."

Ni ne ɗansa na fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tun da aka raɗa min suna, Baba bai taɓa faɗinsa ba, haka ma Inna. Ina ƙarami "yaron ga" nake. Da na koma Kalgo na buɗe shagon gyaran injin ban-ruwa, sai na zama "mutumin Kalgo". Ba ma cin abinci a kwano ɗaya, ba ya kallona ido cikin ido, in yana da magana da ni ƙanena yake aikawa ko da ina zaune a gabansa. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, haka na taso na ga ana yi. Amma zan faɗi gaskiya, akwai ranakun da nake jin ya ƙwala wa ƙanena kira da sunansa tun daga bakin fadama, sai in ji da ma ni aka kira.

Abin da ya sa mutanen Masama suka san muryarsa kuwa takin zamani ne. Duk shekara in noman rani ya matso, hukuma takan ba manoma taki da sauƙi, amma sai wanda sunansa ke cikin jerin sunaye. A da, wannan takarda a aljihun Wakili take kwana. Ban ce yana ci ba, Allah ne ya sani. Abin da na sani shi ne ba wanda ya taɓa ganin takardar da idonsa, sai dai ka wayi gari ka ji an raba. In ka tambaya, a ce maka "bana ba ka hito ba", ka koma gida ka yi ta zagin iska.

Malamar Zuru ce ta zo zaure wata rana da yamma, ta nuna wa Baba wayarta. Ta ce yanzu hukuma tana ɗora jerin sunayen a shafinta na intanet kafin a raba, kowa yana iya gani, har da inda ake aika gyara in an ga kuskure. Baba ya sa tabarau, ya bi sunayen da yatsa tun daga sama har ƙasa, ya sake bi. Washegari ya sa ƙanena ya kai rago kasuwar Gwandu, aka sayo masa babbar waya.

Yadda yake mu'amala da wayar nan abin kallo ne. A cikin tsohuwar hula yake naɗe ta. Da hannu biyu yake riƙe ta, kuma in zai aika saƙon murya sai ya yi mata sallama, ya ɗan saurara kamar za ta amsa, sannan ya fara. Ya san tudun da sabis ya fi ƙarfi a duk garin, har yau wurin "tudun Baba" yara ke ce masa. Bai taɓa iya ƙara girman rubutu da yatsu biyu ba, sai ya miƙa wa na kusa ya ce "buɗa min shi." Lambar wayata kuwa, da Malama ta tambaye shi sunan da za ta sa, ya ce ta rubuta Kalgo.

Shi ya kafa tsarin da muke bi. In jerin ya fito, sai a taru ranar Juma'a bayan la'asar a gindin darbejiyar masallaci. Ya karanta suna ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, ana ɗaukar muryarsa, a tura a zauren waya da ya haɗa ƙauyukan yankinmu, don wanda bai iya karatu ba ya ji da kunnensa. Bayan kowane suna yakan dakata ya ce, "Mai magana shi yi." Wanda ya san mai sunan ba manomi ba ne, ko ya bar gari, ko an rubuta shi sau biyu, yana da kwana uku ya faɗa. Malama ce ke rubuta gyaran ta aika, a cire wanda bai cancanta ba a sa na bayansa.

A karatun farko aka ji sunayen mutum uku da ke kwance a maƙabarta, ɗaya daga ciki yayan Wakili ne da ya shekara shida da rasuwa. Baba ya ɗago kai ya ce, "Matacce ba ya noman rani. A cire." Ya ci gaba da karatunsa kamar bai faɗi komai ba.

Wata biyu Wakili bai taka zaurenmu ba. Da ya dawo, da tsiya ya dawo: ya ce ga liman na waya, ga mai wa'azin taki. Baba ya ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Suka yi ta yi har aka kawo fura, suka sha a ƙwarya ɗaya. Amma kowa ya san abin bai gama fita daga ran Wakili ba.

Akwai wata bazawara a rugar arewa da mu, mai marayu biyar, wadda aka rubuta sunanta ba daidai da na katin shaidarta ba, saboda haka shekara biyu tana komawa hannu wofi. Gyaran waya ya ƙi yi. Sau uku Baba ya hau bayan babur da ciwon gwiwarsa ya je Gwandu, ya zauna a kan benci har aka gyara harafin. Da ta kawo masa man shanu ta gode, ya ce ta mayar wa yara, shi ba abin da ya yi, zama kawai ya yi. A wajen makoki ita ce ta ba ni wannan labari, mu a gida ba mu ma san abin da ke kai shi Gwandu ba.

Sai shekarar da sunana ya fito.

Laifin farko nawa ne. Baba ya yanka min gona a fadama, duk Asabar da Lahadi ina can ina ban-ruwa, saboda haka na yi rijista ta waya kamar kowa. Ban gaya masa ba. Da jerin ya fito na duba na ga kaina a tsakiya, sai na yi shiru. In na ce ban san abin da nake yi ba na yi ƙarya. So nake in ji yadda zai yi.

Ranar Juma'ar ina shago a Kalgo saƙon ya shigo. Na kashe injin da nake gwadawa, na zauna a kan galan, na kara wayar a kunne. Na san sunan da ke gaban nawa. Da ya karanta shi, ya ce mai magana shi yi, sai na ƙara danna wayar a kunne kamar yaro, ni da furfura ta fara fito min a gemu. Na ji ya yi gyaran murya. Sannan ya karanta sunan da ke bayan nawa.

Dariya na fara yi, ni kaɗai a shago. Daga baya dariyar ta ƙare, na daɗe a zaune ban tashi ba.

Abin da Baba ya manta shi ne ya riga ya koya wa gari duba jerin da kansu. Kafin magariba samari sun gwada abin da ke waya da abin da aka karanta, sun ga suna ɗaya ya faɗi, sun kuma ga na wane ne. Dattawan garinmu sun gane, suka ce kunya ce. Amma mutanen sauran ƙauyuka ba su san ni ba, abin da suka ji kawai shi ne mai karatu ya ɓoye sunan ɗansa, ɗan da ma a Kalgo yake zaune. Kuma maganarsu tana da ƙafa, don suna ɗaya ne a duk jerin da ba a ce "mai magana shi yi" a kansa ba. Saƙonni suka yi ta shigowa zauren waya. Na Wakili ne ya fi zafi, don bai ɗaga murya ba.

"Kunya cikin gida taka zama, ba bisa takardar jama'a ba. Yau an tsallake don kunya, gobe wani shi tsallake don cikinai. In haka na, ku maido min takardata, ni ko ba komi ban taɓa cewa ni waliyyi na ba."

Wasu suka ce a daina karatun gaba ɗaya, a koma yadda ake. Abin da Baba ya shekara huɗu yana ginawa ke nan, yana shirin rushewa a kan sunana.

Da safe na hau babur na taho gida. Na same shi a zaure da ƙanena, wayar tana naɗe a hula a gefensa. Na gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. Na ce zan sa Malama ta cire ni, magana ta ƙare.

Ya juya wajen ƙanena. "Ce mai in ya janye, ya tabbatar musu ɓoyo munka yi."

Ƙanena ya ce to shi bari ya karanta a madadinsa, suna ɗaya ne, ba sai Baba ya wahalar da kansa ba. Inna tana bayan ƙofa tana jin mu, ta sa baki.

"Malam, shekara arba'in da 'yan kai ba ka kira shi ba, ban kira shi ba, kuma bai ɓace ba. Ka bar yaro shi karanta. Mi za a ce da mu cikin gari?"

Baba ya miƙe. Sannan ya ce, "Ni na tsallake. Wanda ya tsallake shi ka komawa." Ya ɗauki butarsa ya fita.

Juma'ar da ta biyo baya, gindin darbejiya bai ɗauki mutane ba. Har daga ƙauyukan da ba sa zuwa an zo, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tsaya can baya na jingina da bangon masallaci. Baba ya yi wa wayar sallama, ya ce makon jiya ya yi kuskure, zai sake daga farko. Ya bi sunayen a hankali, kowanne da dakatawarsa. Da ya iso wurin sai ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

Ya faɗi sunana. Cikakke, ba a gurguje ba, da irin muryar da ya karanta na kowa.

"Ɗana na, na hwari," ya ce. "Kalgo shika kwana, hwadamarmu shika noma. Mai magana shi yi."

Wata tsohuwa a cikin mata ta rufe baki da mayafi. Dattawa suka sunkuyar da kai, kamar an tuɓe wa mutum riga a kasuwa. Baba ya bar shirun ya yi tsawo fiye da na kowane suna, yana jira. Wakili ne ya katse shi.

"Na gane shi ran Asabar cikin albasa, laka hal gwiwa. Manomi na. Wuce." Sannan ya ƙara, "Ashe bakinka na iya hwaɗin shi."

Aka yi dariya, aka numfasa, karatu ya ci gaba har yau. Ni ban ji sauran sunayen ba. Na zagaya bayan masallaci na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro.

Ranar Baba bai ci tuwon dare ba. Mako guda in na shigo zaure sai ya tashi ya ba ni wuri. Bai sake faɗin sunan ba har ya koma ga Allah, washegari ma "mutumin Kalgo" na koma. Amma saƙon yana nan. Na adana shi a wayata, da ta matata, da wani ɗan katin memori da na ɓoye a akwati. Ban san sau nawa na saurare shi ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Mako guda da rasuwarsa jerin bana ya fito. Ya yi rijista tun kafin ciwon ya kwantar da shi, saboda haka sunansa yana ciki. Ƙanena ne ya fara gani. Ya ja ni bayan rumbu.

"Yaya, ka bar shi haka nan. Ba sata ba ta, gonatai ta, tana nan, mu ka noma ta. Inna za a ciyar da ita. Wa zai yi magana?"

Gaskiya ne, ba wanda zai yi magana. Duk garin ba mai buɗe baki a kan buhun takin Baba kwana tara da binne shi. Na tambayi Malama ko za a iya mayar da shi sunan magada, ta ce sai rijistar baɗi, ta bana an rufe. Na san abin da rashin takin zai yi wa albasar gonar, na kuma san Inna ba ta da wata gonar.

Ranar Juma'a bayan la'asar mutane suka taru a gindin darbejiya, ba wanda ya kira su. Aka zauna ana kallon juna, wurin buzun Baba babu kowa. Sai ga Wakili ya fito daga gidanmu da tsohuwar hular nan a hannu, ashe wajen Inna ya je ya karɓo. Ya ajiye ta a cinyata.

Na ce, "Baba Wakili, ni Kalgo nike kwana."

"An riga an yi wagga magana," in ji shi. "Karanta."

Na warware hular. Ban san lokacin da na yi wa wayar sallama ba. Na fara karantawa, ina dakatawa inda yake dakatawa, ina faɗin abin da yake faɗa. Tun daga nesa na hango sunan yana matsowa. Ni ma tun da na yi wayo ban taɓa furta sunan Baba ba, ko abokin ciniki mai irin sunansa "mai sunan Baba" nake ce masa. Da na iso wurin sai na tsaya, yatsana yana kan layin, ga na ƙasa yana jira, tsallake ɗaya ne kawai. Sai a lokacin na san abin da ya ɗauka a wannan wuri saboda ni, da abin da na ɗora masa don kawai ina so in ji.

Na faɗi sunansa, cikakke.

"Mahaihina na," na ce. "Ya rasu ran Laraba waccan. Matacce ba ya noman rani. A cire."

Na nemi ƙanena da ido, na same shi a gefen liman, kansa a ƙasa. Na ce, "Mai magana shi yi," na jira shi, na bar shirun ya yi tsawo.

Ya ɗago. "Allah shi jiƙan shi," ya ce. "Allah shi sa ya huta."

Amin ta tashi daga gindin darbejiya har cikin mata. Malama ta sunkuya tana rubuta gyaran. Wakili yana tsaye a kan sandarsa, hawaye na bin gemunsa bai share ba.

"To mi kaka jira?" ya ce min. "Na gaba."

Na goge ido da hannun riga, na karanta na gaba.